Yashi, Buntu da Toka: Tarihin Silika a Kwarin Dandi

Kafin Faransawa su laƙaba wa garin Malanville sunan Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin da suka mulki Dahomey, mazauna wurin suna kiransa Tassi, kalmar da ke nufin yashi a harshen Dandawa da Zabarmawa, kuma har yau akwai unguwanni biyu a cikin garin da suke riƙe da tsohon sunan, wato Tassi-Zénon da Tassi-Tédji, tsohuwar Tassi da sabuwa ke nan. Toumboutou ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, sauran su ne Garou, Guéné, Madécali da Malanville kanta, kuma yawancin ƙasarsu tana kwance ne a kwarin kogin Kwara, inda Gaya ta Nijar take a ɗaya gaɓar. Yashin da ya ba garin suna da shinkafar da ke ciyar da mutanen kwarin sun haɗu a kan sinadari guda da masana ke kira silika, wanda ya samu daga haɗuwar silikon da iskar oksijin, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse da gilashi. Wannan sinadari ne ɗakunan gwaji na duniya suke sarrafawa a yau su mayar da shi ƙwayoyin da ido ba ya gani, amma mutanen Dandi sun daɗe suna mu'amala da shi ta hanyar sana'o'insu ba tare da sun ba shi suna ba, kuma abin da ya raba aikin nasu da na masu bincike, idan aka bi diddigi, bai wuce iya sarrafa wuta da iya auna girman ƙwaya ba.

Tsohuwar shaidar wannan mu'amala ta fito ne daga Birnin Lafiya, wani babban tudun kufai da ke sama da Malanville ta wajen Karimama, inda masana kimiyyar tono ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia a Ingila suka yi aiki tsakanin 2011 da 2015 tare da abokan aikinsu na Benin. Binciken ya nuna cewa mutane sun zauna a wurin tun daga wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13 na Miladiyya, sun yi daɓen ɗakuna da ɓaraguzan tukwane, sun kuma bar ƙonannun ƙwayoyin gero da shinkafa a cikin ƙasa. Shinkafar ita ce ta Afirka, wadda masana tsirrai ke kira Oryza glaberrima, jar shinkafar da aka fara nomawa a kwarin Kwara ta ɓangaren Mali ta yau shekaru dubbai da suka wuce, tun kafin a kawo farar shinkafar Asiya zuwa gaɓar teku. Ke nan tun kafin Askiya Nuhu ya ja da ragowar mayaƙan Songai zuwa Dandi bayan Marokawa sun ci su a Tondibi a 1591, kuma tun kafin fataken Hausa su mayar da ƙasar mashigin ayarinsu na goro tsakanin Kano da Gwanja, matan wannan kwari suna daka shinkafa a turmi, suna bakace ta, iska tana ɗauke buntu tana zubarwa a bayan gida.

Buntu shi ne ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar shinkafa, kuma ya bambanta da dusa, wadda ita ce laushin da ke fita daga jikin ƙwayar a lokacin surfe, dabbobi kuma suna cinta da marmari. Duk wanda ya taɓa damƙar buntu ya san yana da kaushi kamar takardar goge katako, yana sa ƙaiƙayi idan ya shiga riga, ba ya ruɓewa da wuri ko da damina ta wuce a kansa, kuma dabba ba ta samun wani abin kirki daga gare shi. Dalilin duk waɗannan halaye guda ne. Shinkafa tana daga cikin tsirran da suka fi kowane tsotsar silikon daga ruwan ƙasa, inda yake narke a siffar wani rarraunan asid, sai jijiyoyinta su tura shi sama zuwa kara da ganye da ɓawo, idan ruwan ya fice ta ganye silikar ta daskare a cikin fatar tsiron ta zama sulke, wanda yake hana karan kwanciya, yake dakushe bakin ƙwari, yake kuma rage kamuwa da cutar funfuna. Sai a 2006 ne Jian Feng Ma da abokan aikinsa a Japan suka gano ƙwayar halittar da ke buɗe wa silikon ƙofa a saiwar shinkafa, suka sa mata suna Lsi1. A lissafi, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, buntu ne. Idan aka ƙone buntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa yana saura a matsayin toka. Ita kuma tokar, abin da ya kai kashi 85 zuwa 95 cikin 100 nata silika ce. Wato buhun shanshera mai kilo 100 yana ɗauke da silika da ta kai kilo uku ko fiye, wadda tsiron ya tace daga ruwan fadama ba tare da wuta ko inji ba.

Al'adar da ta fi nuna cewa manoma sun fahimci wani abu game da wannan sinadari ita ce ta cuɗa toka ko lallausan yashi da wake kafin a zuba shi a rumbu ko randa, abin da aka sani a faɗin ƙasashen Afirka ta Yamma. Bayanin da masu binciken ƙwari suka bayar daga baya shi ne, jikin gundar hatsi yana lulluɓe da wani siririn kitse mai hana ruwan jikinta ficewa, ƙurar toka kuma tana kankare wannan kitse tana tsotse shi, sai ƙwaron ya bushe ya mutu, ban da cike guraben da ke tsakanin ƙwayoyin waken da take yi har ƙwaron ya rasa hanyar yawo. A kan wannan ka'ida ce ake sayar da garin silika a yau a matsayin maganin ƙwarin rumbu a ƙasashe da dama.

Akwai kuma silika ta ado. Jan dutsen da ake kira lantana, wanda masana duwatsu ke sanya shi cikin dangin silika mai ƙananan ƙwayoyi da tsatsar ƙarfe ta rina, a da ana haƙo shi ne a yankin da ke cikin Nijar ta yau, sama da Dandi, fataken Hausa kuma su bi da shi ta kogi zuwa kudu har ya isa Ilori, inda masu sana'ar da suka gaji aikin daga tsohuwar Oyo suke huda shi da ƙaramin tsinken ƙarfe, suna goge shi a kan dutse har ya yi sheƙi ya zama tsakiyar sarakuna. A Bida kuwa, Masaga suna narka yashi da kanwa a cikin tanderun ƙasa su sami baƙin gilashin da suke yin warwaro da duwatsun wuya da shi, kafin kwalaben Turawa su yawaita su sauƙaƙa musu aikin. A Ile-Ife ma tonon da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun ya tabbatar da cewa an narka gilashi daga kayan gida tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Duk waɗannan sana'o'i sun yi aiki da silika a girman da hannu ke iya riƙewa.

Tarihin ƙanƙantar da ita ya faro ne a wani wuri dabam. A 1824 Jöns Jacob Berzelius na ƙasar Suwidin ya ware silikon daga sauran abubuwan da yake haɗe da su, a 1919 kuma Walter Patrick na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya sami rajistar hanyar yin silika mai tsotse danshi, irin ƙwayoyin da ake samu a ƴar ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani. A farkon shekarun 1940 Harry Kloepfer na kamfanin Degussa a Jamus ya samar da wani farin gari mara nauyi ta hanyar ƙona wani ruwan silikon a cikin harshen wuta, aka sayar da shi da sunan Aerosil. Amma aikin da ya buɗe ƙofar binciken zamani shi ne wanda Werner Stöber da Arthur Fink da Ernst Bohn suka wallafa a 1968, inda suka nuna cewa idan aka zuba wani ruwan silikon da ake taƙaita sunansa da TEOS a cikin alkohol da ruwa da amoniya, aka riƙa juyawa, ruwan da yake garau zai fara yin hazo kamar tsinkakkiyar madara, hazon nan kuwa ƙwallaye ne na silika da kusan dukkansu girmansu ɗaya. Muhimmancin binciken yana cikin wannan daidaito, domin ta hanyar ƙara amoniya ko rage ruwa mai gwaji yana iya zaɓar girman da yake so, daga nanomita 50 har zuwa 2,000. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, saboda haka ba a iya ganin ƙananan cikin waɗannan ƙwayoyi sai da madubin ƙara girma mai aiki da ilektoron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931.

Abin da ya sa ƙanƙanta take da daraja shi ne faɗin fuska. Dunƙulen gishiri yana jinkirin narkewa a miya, dakakke kuwa nan da nan yake narkewa, saboda daka ya fito da fuskokin da suke ɓoye a ciki. Haka ma silika, duk lokacin da ƙwayarta ta ƙara ƙanƙanta, ɓangarenta da ke iya taɓa wani abu yana ƙaruwa. A 1992 masu bincike na kamfanin mai na Mobil suka ƙara wani mataki, suka gina silika a kewayen ƙwayoyin wani sinadari mai halin sabulu, sannan suka ƙone sabulun, ya bar ramuka jere kamar saƙar zuma, faɗin kowane rami ƴan nanomitoci kaɗan. Wannan ita ce MCM-41, wadda giram ɗaya nata yake da fuskar da ta kai murabba'in mita 1,000, ma'ana giram bakwai sun isa su shimfiɗe filin ƙwallon ƙafa. A 1998 aka samar da ƴar'uwarta SBA-15 mai manyan ramuka a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. Da farko matatun mai ne ake wa tanadinsu, domin su riƙe sinadaran da ke hanzarta tacewa, sai a 2001 María Vallet-Regí ta Madrid ta cika ramukan MCM-41 da maganin ciwon jiki na ibuprofen ta nuna cewa yana fita a hankali, daga nan aka shiga binciken amfani da silika a matsayin mazubin da zai kai magani inda ake bukata a cikin jiki. A Jami'ar Cornell, Ulrich Wiesner da ɗalibansa sun ƙera ƙwayoyin da ba su kai nanomita 10 ba, masu ɗauke da rini mai haske a cikinsu, waɗanda aka fara gwada su a jikin masu sankarar fata a farkon shekarun 2010 domin su haska wa likita inda cutar ta ɓuya.

Amfanin da ya fi kusa da rayuwar talaka, duk da cewa ba a cika ambatonsa ba, shi ne wanda René Boom da abokan aikinsa suka bayyana a Amsterdam a 1990, cewa sinadarin gado na halitta, wato DNA da RNA, yana manne wa silika idan akwai wani gishiri mai ƙarfi a cikin ruwan, sai a wanke sauran dattin jini ko majina, sannan a sake shi da ruwa mai tsabta. Galibin kayan gwajin da aka yi amfani da su wajen gano cutar korona a 2020 sun dogara da wannan dabara, ko ta ɗan bututu mai matatar silika ko ta ƙwayoyin maganaɗisu da aka lulluɓe da ita.

Inda buntu ya shigo cikin wannan labari shi ne wajen tsada. Ruwan TEOS ana samo shi ne daga silikon, shi kuma silikon sai an narka ƙanƙarar dutse da gawayi a tanderun lantarki mai zafin da ya doshi digiri 2,000, alhali shinkafa ta riga ta tara silikarta a siffar da ba ta da tsarin ƙanƙara, wato ƙwayoyin zarranta ba su jeru sahu-sahu kamar na yashi ba, kuma irin wannan silika tana da saurin narkewa da saurin haɗuwa da wasu sinadarai. Tun a shekarun 1970 P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa tokar buntun da aka ƙone bisa ƙa'ida tana ƙara wa siminti ƙarfi. A ɗakin gwaji ana bin matakai ne da suka yi kama da aikin mai girki: a wanke buntun, a tafasa shi a cikin tsinkakken asid domin a fitar da fotashiyam da sauran ƙarafan da tsiron ya sha, a ɗauraye, a shanya, sannan a sa shi a tanderu a kan digiri 600 zuwa 700 na wasu sa'o'i har ya zama fari fat, yana riƙe da siffar ɓawon kamar ba a taɓa shi ba, sai an murza shi da yatsa ya zama gari. Daga nan ana narka garin a ruwan soda mai ƙuna, a riƙa ɗiga asid har ya kama kamar kamu, a wanke, a busar. A 2013 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jami'ar Stanford ɗaya a cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu, suka cire oksijin daga silikar buntu da ƙarfen magniziyam suka sami silikon mai ramuka da suka gwada a batirin litiyam, a 2014 kuma kamfanin Goodyear ya ba da sanarwar cewa zai fara sa silikar tokar buntu a cikin tayoyinsa.

Wannan bayani ne yake fayyace dalilin da ya sa tokar da ke bayan injin casa ba ta zama hajar sayarwa haka kawai. Tsibin buntu idan ya kama wuta yakan yi kwanaki yana ci a ciki ba tare da harshe ba, kuma wanda ya tona shi zai ga launi uku: baƙi a inda iska ba ta kai ba, toka-toka a tsakiya, da fari ko ja-ja a inda zafi ya yi yawa. Baƙin gawayi ne da ya maƙale, domin fotashiyam da ke cikin ɓawon yana narkar da fuskar silikar ta rufe gawayin a ciki, abin da tafasawa a asid take hanawa. Inda zafi ya zarce digiri 800 kuwa, silikar takan fara komawa tsarin ƙanƙara, ta rasa saurin haɗuwar da ake nemanta dominsa, ta kuma zama haɗari, saboda ƙurar silika mai tsarin ƙanƙara ita ce ke jawo cutar da ke taurara huhun masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, cutar da ba ta da magani idan ta kama. Saboda haka tsibi guda yana iya ƙunsar abu mai daraja da abu mara amfani da abu mai cutarwa a cakuɗe, kuma ba a raba su sai da tanderun da ake iya tsayar da zafinsa a lamba ɗaya, da na'urar da za ta tabbatar wa mai saye abin da yake saye.

Yawan buntu a kwarin Malanville ya ƙaru ne da sauyin noma. A shekarun 1970 aka shimfiɗa filin noman rani na fiye da hekta 500 a bakin Kwara da taimakon ƙwararru daga Sin, ana ɗebo ruwa da famfo, ana noma sau biyu a shekara, kuma irin Asiya da sababbin irin da aka inganta suka mamaye wurin jar shinkafar gargajiya. Injin casa ya karɓi aikin turmi, sai buntun da a da yake warwatse a bayan kowane gida ya koma taruwa a wuri guda, gwamnati ma ta gina masana'antar gyaran shinkafa a Malanville da wata a Glazoué. Turara shinkafa, wato jiƙa shanshera da dafa ta da tururi kafin a shanya a cashe, ya zama babbar sana'ar mata, kuma sana'a ce mai cin itace a ƙasar da itace yake ƙara wuya. Cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice, wadda hedikwatarta ta zauna a Kwatano daga 2005 zuwa 2015, ta kafa ingantattun tukwanen turarawa da ta kira GEM a Glazoué da Malanville a tsakiyar shekarun 2010, daga baya kuma ta yaɗa murhun da ke amfani da buntu a maimakon itace. Ta haka aka shiga ƙona buntu a cikin mazubin da aka ƙera domin ƙona shi, kodayake manufar zafi ce, ba tokar ba.

Akwai wani lissafi da masu ɗokin mayar da toka hajar fitarwa ba su cika yi ba. Silikon ɗin da ke cikin buntu da bambaro daga ƙasar gonar ya fito, kuma duk da cewa yashi ya cika kwarin, silikar yashi ba ta narkewa da saurin da shinkafa ke bukata, ga shi kuma noma sau biyu a shekara yana ɗebe abin da ya narke fiye da yadda ambaliyar kogi take mayarwa a zamanin noman damina kaɗai. Japan ta fuskanci wannan matsala tun da wuri, har a 1955 ta amince da dattin masana'antar ƙarfe mai silika a matsayin taki a hukumance, manoman shinkafarta kuma suka riƙa zuba shi a gonakinsu. A Toumboutou da maƙwabtanta babu masana'antar ƙarfe, kuma abin da ya fi kusa da wannan taki shi ne tokar da ake kwashewa daga ƙarƙashin tukunyar turara shinkafa.